Abin da na ɓoye shekara shida

Yau maganar da zan yi mai nauyi ce a baki, to amma hausawa sun ce mai ɓoye ciwonsa shi ke ɓoye maganinsa, don haka ku yi mini afuwa.

Kakana ya baro Kano ne zamanin da jirgin ƙasa ke tashe a Kafanchan, mu kuma a nan Kagoma muka tashi, sana'armu citta. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake zuba busasshiyar citta a buhu ya san atishawar da ƙurarta ke sawa. To ni tun bayan haihuwata ta biyar, da zarar na yi atishawa, ko tari, ko na ɗaga buhu, sai fitsari ya ɗigo mini. Ba shi da yawa, amma ya isa ya ɓata mini tsarki. Na koma ina canza zane kafin kowace salla, na daina zuwa tafsiri da azumi, na rage shan ruwa har kaina ya riƙa ciwo. Ko maigida ban gaya wa ba. Shekara shida ina cikin wannan hali.

Wadda ta gano ni maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Gwong, Kirista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da duk unguwa ke kira Mama Nas. Wata rana ta ga na yi atishawa na matse ƙafafu, sai ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, tun yaushe?" Na sunkuyar da kai na ce, "Mama, an daɗe." Ta ce a ƙasan ƙugu akwai wata tsoka shimfiɗe kamar faifai, ita ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. Ciki da naƙuda da ɗaukar kaya masu nauyi suna sa ta saki, kuma kamar kowace tsoka, in an motsa ta tana ƙarfi.

Ga yadda ta koya mini. Ki matse kamar mai riƙe tusa da fitsari lokaci guda, ki ja sama, ki ƙirga biyar, sannan ki saki gaba ɗaya ki huta. Kada ki riƙe numfashi, kada ki matse cinya ko ɗuwawu, kuma kada ki mayar da shi al'ada a lokacin da kike fitsari. Kamar sau 10 a zama ɗaya, sau uku a yini. Ta ce kada in sa ran ganin canji sosai kafin wata uku.

Daga baya 'yata da ke karatu a Gidan Waya ta bincika a waya ta karanta mini. Ashe wani likitan mata ne a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana wannan motsi a rubuce a 1948, shi ya sa asibiti ke kiransa da sunansa. Amma mutanen Indiya masu yoga sun riga shi da ɗaruruwan shekaru. Suna da abin da suke kira mula bandha, wato matse ƙasan ƙugu a riƙe, wanda ya zo a littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15. Suna kuma da ashwini mudra, wato a matse a saki, a matse a saki, bi da bi tare da numfashi. Sunan daga kalmar doki ya fito a harshensu na da.

Da na ji haka gabana ya faɗi, na ce kada dai na shiga bautar wasu ban sani ba. Na yi ta juya abin a raina har na samu natsuwa: ni ban karanta komai ba, ban fuskanci kowa ba, tsokar da Allah Ya halitta mini nake motsawa, kamar mai miƙa gwiwa bayan ɗori. Abin da na ɗauka a wurinsu shi ne haɗa shi da numfashi. In na fitar da numfashi a hankali sai in matse, in na shaƙa sai in saki, kuma hakan ya hana ni yunƙurin da nake yi a farko.

A wata na huɗu na yi sallar tarawihi a masallaci da alwala ɗaya. Na dawo gida na yi kuka.

Sai dai 'yan'uwa a kula. Idan fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, ɓula ce da ke bukatar aikin likita, kuma akwai cibiyarsa ta ƙasa a Babbar Ruga, Katsina. Motsi ba ya ɗinke ta. Haka in akwai zafi ko jini, asibiti za a nufa. Maza ma, musamman dattawa masu ɗigon fitsari, suna amfana da wannan motsi.

Mu da ke zaune cikin wasu ƙabilu mun saba rufe sirrinmu, kada a ce ga abin da ya samu Bahaushiya. Ni kuwa wadda ba ƙabilarmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, ita ta mayar da ni sahun salla. Allah Ya saka mata, Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.