Tanti Ta Bar Tele, Ta Dawo Gida

Yaya, ɗan rage wa rediyon nan murya, don a kan mai maganar zan yi magana, kuma ina roƙon kada ta wuce fadar nan. Tun da Tanti ta baro Yamai ta kama aiki a gidan rediyo a nan Arlit nake jin ana yi mata jaje a bayan ido. Wai faɗuwa ta yi. Wai matar da yaran ƙasa duka ke rugawa gida don su ga fuskarta a tele, yau ita ce a ɗan ƙaramin ɗaki tana karanta sanarwar suna da ta rasuwa da cigiyar raƙumi. Kai ma Alhaji, ran nan a kasuwa ka ce tausayinta kake ji. Ka yi mini haƙuri, yau sai na yi gardama da kai.

Ku da kuka girme ni kun san gidansu a Akokan. Babanta, Allah ya jiƙansa, yana cikin masu shiga ramin uraniyom na kamfanin Cominak, can ƙasa wajen mita 250. Ita kuwa malamar lakwal ta fara zama. Da ta samu shirin yara a wani gidan tele a Yamai, abin da ta saba yi a aji shi ta ɗauka ta kai gaban kyamara. Na taɓa rakiyar ɗan ƴar uwata wurin ɗaukar shirin, na ga abin da ba ya fitowa a allo. Kafin a kunna fitilu sai ta cire takalmi ta zauna a ƙasa, idonta daidai da idon yaran. Aka zo kan wani yaro mai in'ina, aka tambaye shi sunan ƙauyensu, ya maƙale. Mai kyamara yana ta yi mata alama da hannu a wuce. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta dafa gwiwar yaron, ta yi shiru, har kalmar ta fito da kanta, sannan ta maimaita sunan ƙauyen da ƙarfi kamar wani babban birni aka ambata. Tun daga ranar ban sake yi wa aikin nan kallon wasa ba.

Yadda shirin ya mutu ba wani abin ɓoyo ba ne. Ɗaukar shirin yara yana cin kuɗi: a tara su, a kawo su, a ba su ruwa da ɗan abin taɓawa, a mayar da su gida. Zanen wasa na waje kuwa arha ne, a saka kawai ya yi ta yi. Da masu talla suka janye, shirinta aka fara sokewa. Ga tsohuwarta a nan ƙafa ta ƙi, tsakaninsu fiye da kilomita 1,000. Sai ta tattara.

"Ai ba yau ƙasar nan ta fara koyar da yara ta tele ba," in ji Mushe, malamin cikinmu. Gaskiyarka, Mushe, kai ka fi mu sani. A 1964 aka fara makarantar talabijin a Nijar, tana cikin na farko a Afirka. Darasi yana fitowa daga Yamai, yara suna zaune gaban akwati a aji, mai kula da aji yana bi da su. Wato tun kafin a buɗe Télé Sahel ga kowa da kowa a ƙarshen shekarun 1970, yaro ne ya fara kallon tele a ƙasar nan. Rediyo kuwa ya girme ta: Radio Niger tun 1958, wadda ta zama Voix du Sahel a 1974, ga kulob-kulob na masu sauraro da aka kafa a farkon shekarun 1960, inda mutanen ƙauye ke taruwa su ji shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo. Don haka wanda ya tashi daga ɗakin tele ya shiga na rediyo bai bar gida ba.

Ko a Ingila, inda tele ta fi yawa, an yi haka. Zoe Ball ta yi suna ne a shirin yara na BBC mai suna Live & Kicking, ta koma shirin safe na Radio 1 a 1997, daga baya ta riƙe shirin safe na Radio 2 daga 2019 zuwa 2024. Can ƙarin girma suka ɗauke shi, ba su yi mata jaje ba.

Amma bar Ingila, mu dubi nan. Wa ke da lokacin zama gaban tele a Arlit? Direban da ke fama da ramukan hanyar Agadas, kilomita wajen 240 da kan cinye masa yini, rediyo yake ji. Makiyayi a bakin rijiya, rediyo. Mace tana tuƙa tuwo, waya a cikin zani, rediyo. Samarin da suka dawo daga haƙar zinariya a Tchibarakaten ko Jado, su ma haka. Wuta ta ɗauke, tele ta mutu, rediyo na nan da batir biyu. Kuma yana magana da Hausa da Tamashek, harsunan da ake ciniki da su ake kuma kuka da su a garin nan.

Yanzu ga abin da ya sa na tara ku a kan maganar. Tun da aka rufe Cominak ran 31 ga Maris 2021, bayan fiye da shekara 40 tana haƙa, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. An bar mana tudun dusar uraniyom kusan tan miliyan 20 a gefen Akokan, wanda aka tsara rufewa da laka da dutse mai kaurin mita 2. Tun 2003 masu awo na CRIIRAD suka zo daga Faransa bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen, Greenpeace ta biyo baya a 2009, suka tarar da tururin guba a wasu titunan Akokan da jikin tarkacen ƙarfen da ake sayarwa a kasuwa. Amina Weira, ƴar garin nan, ta yi fim a kai a 2016. A watan Yuni 2025 gwamnati ta mayar da ɗaya kamfanin uraniyom ɗin, Somair, hannun ƙasa. Duk an rubuta waɗannan, amma da Faransanci, da lambobi, da kalmomin da ko mai digiri sai ya sosa kai. Inna da ke dafa abinci a tukunyar da maƙeri ya zuba daga tarkacen da ba a san asalinsa ba, wa ya taɓa zama ya yi mata bayani?

Na shiga ɗakin shirin wata safiya don kai sanarwar sunan ɗan ƙanena. Ɗakin bai fi shagon tela ba, an manna kwalin ƙwai a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa, an kashe fanka saboda ƙararta, zufa na zuba. Baƙonta wani ma'aikacin lafiya ne, ya zo da takardu cike da hannu. Ya fara zuba bayani a kan radon, rabi Hausa rabi Faransanci. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, "Likita, ka yi mini uzuri, ni ban gane ba. Ana ganinsa?" Ya ce a'a. "Yana da wari?" A'a. "To ta ina yake shiga jikin mutum?" Mutumin ya ajiye takardun. Ya ce iska ce da ke fita daga dutsen da ke da uraniyom, tana taruwa a rufaffen ɗaki, mutum ya shaƙe ta shekara da shekaru har ta iya taɓa huhu. Ta ce, "To ni da nake da ɗaki ɗaya da taga ɗaya, me zan yi yau?" Nan aka zo kan buɗe taga, da barin ɗibar duwatsun wajen ma'adini don gini ko cike rami, da kai ƙarfen da ake shakka a auna kafin a ƙera abin girki da shi. Wayar ɗakin ba ta huta ba har aka rufe shirin. Wata tsohuwa ta kira da Tamashek, kuɗin wayarta ya ƙare a tsakiyar tambaya, Tanti ta kira ta da tata wayar, ta kara a bakin makirfo.

Alhaji, gogaggen ɗan jarida yakan ji kunyar cewa bai gane ba, don kada a raina shi. Wadda ta yi shekaru da yara ba ta da wannan kunyar. Yaro ba ya yi maka kara: in bai gane ba sai ya juya baya ya kama wasa, kai kuma dole ka sake salo nan take. Can ta koyi gajarta jimla, da jiran mai magana, da tambayar da kowa ke da ita a ciki amma ba mai son a ji ta daga bakinsa. Ba ta tsoratar da mutane, ba ta kuma yi musu ƙarya don hankalinsu ya kwanta. A garin da magana ɗaya kan iya tayar da hankalin unguwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ban ce ba ta yi asara ba. Albashin bai kai na da ba, wani watan ma sai an jira. Kuma na san tana kewar yaran, don ranar da wani magidanci ya kira ya ce shi ne yaron da ya taɓa rera waƙa a shirinta, yanzu ƴaƴansa uku, sai da ta saka kiɗa ta share ido. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran Arlit na yau ba su da shirin kansu, ga mai iyawa a cikin gari. Ta faɗa mini, kuma wannan ne sirrin da na ce kada ya fita tukuna, cewa tana son awa ɗaya ranar Asabar: tatsuniya, kacici-kacici, karatu, yara su zo su riƙe makirfo da kansu. An ce mata sai ta samo mai ɗaukar nauyi.

To ga mu nan. Alhaji kana da shago, Yaya kana da mota, Mushe kana da tsofaffin ɗalibai a kowane buro. Kuɗin shayi da sukarin da fadar nan ke kashewa a wata ya isa a fara. Mu haɗa, Juma'a bayan an sauko masallaci mu je mu same ta, mu ce mun ɗauki wata uku na farko.