Kafin ka sa wa motarka aksil mai ƙarfi, ƙirga haƙora

Yau mun ɗan ajiye maganar waya, za mu leƙa ƙarƙashin mota. Amma riƙe wayarka a kusa, za ta yi maka aiki.

In ka taɓa shiga fadamar Haɗejiya da kaya a watan Satumba, ka san abin da nake nufi. Ruwan da ke gangarowa daga Tiga da Challawa ya cika kogi, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya fantsama inda ya ga dama. Bayan ambaliyar 2022 na ɗauko buhunan shinkafa shanshera a tsohuwar Hilux ɗina daga wani ƙauye ta wajen Guri. Motar ta kafe a laka, na taka totur, tayar ta yi ta juyawa a banza, can ta cafki busasshiyar ƙasa. Sai na ji ƙas! Shaf ɗin baya ya karye. Nan muka kwana da sauro, shinkafar mutane tana shan raɓa, ni kuwa ina lissafin abin da zan faɗa wa masu ita.

Laifina ne. Motar da aka yi don kayan da bai wuce tan ɗaya ba, na ɗora mata fiye da haka, ga manyan tayoyi da na sa. Aksil ɗin baya na Hilux, shaf ɗinsa aiki biyu yake yi: yana juya taya, yana kuma ɗaukar nauyi. Akwai wani iri a wasu Land Cruiser wanda bututun aksil ɗin ne ke ɗaukar nauyi a kan boris biyu, shaf juyawa kawai yake. Ko ya karye taya ba ta fita. Za ka gane shi da kan da ya turo waje a tsakiyar tayar baya, da ƙananan notuna kewaye da shi.

Shi na je Ƙofar Ruwa a Kano na sayo. Na duba tsatsa, na duba lanƙwasa, na biya. Abu ɗaya ne ban duba ba.

Mun ɗaura, mota na tafiya lafiya a kwalta. Ranar da na sa ogzilari a busasshiyar hanya, sai ta fara ƙugi tana tirjewa, giyar ta ƙi fita. Bakanikena ya kwance difaranshal ɗin gaba da na baya, ya ce, "Alhaji, zo ka ƙirga da kanka." A gaba, babban faifan haƙora 41, ƙaramin da ke juya shi 9. Raba su a kalkuletar wayarka: 4.56. A baya 37 da 9, wato 4.11. Ma'ana, in tayoyin gaba sun yi mita 100, na baya so suke su yi kusan 111. A laka sulɓi na ɓoye wannan faɗan. A ƙasa mai tauri kuwa, akwatin ogzilari da farfela ne ke shan wahalar. Allah ya taimake ni na tsaya da wuri.

To kai kada ka biya sai ka yi waɗannan:

Ka san lambar motarka tukuna. In ba ka son kwancewa, sa giya a firi, ɗaga tayar baya ɗaya da jak, yi wa taya da farfela alama da alli. Juya tayar sau biyu cif, ka ƙirga juyin farfela. In ta yi huɗu da rabi da ɗan ɗoriya, 4.56 ke nan. Wannan na difaranshal ɗin da ba ya kullewa ne. A kasuwa kuma ka sa a buɗe maka, ka ɗauki hoton haƙoran, ka ƙirga a nutse.

Ka auna faɗi da tef, daga fuskar da wili ke zama zuwa ɗayar. Ka ƙirga notunan taya: Hilux shida ne, Land Cruiser 79 daga 1999 biyar ne. In ka yi kuskure, safaya biyu za ka riƙa yawo da su.

Ka dubi inda tulun difaranshal yake. Na Hilux a tsakiya, na Land Cruiser 70 ya karkata gefe. Dole a duba tsawon farfela da yadda ta kwanta, in ba haka ba mota za ta riƙa karkarwa. Mazaunin sifirin ma sai an yanke an sake waldawa, kuma wannan ba aikin yaron shago ba ne. Tiyon birki da wayar hambirki, a gwada su kafin a ɗora ko buhu ɗaya.

Sai abin da ya fi shafar mu 'yan fadama. A saman aksil akwai 'yar ƙofar da yake numfashi. In ya yi zafi ka tsunduma shi a ruwa, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa. Sa mata siririn tiyo ka ɗaure bakinsa can sama. Duk ranar da ka ratsa ruwa mai zurfi, buɗe ka duba man. In ya koma kamar madara, zubar ka zuba sabo mai lamba GL-5.

Ni daga baya na samo difaranshal ɗin gaba mai 4.10, suka daidaita. Motar ta ɗan rage ƙarfin ja a giya ɗaya, tulun bayan kuma ya fi kusa da ƙasa, yakan shafi tudun tsakiyar hanya. Na karɓi wannan. Lodi dai na rage, don sifirin da birki da shasi ba su san an canza aksil ba.

Allah ya tsare hanya, ya ba mu damina mai albarka.