Salamanka, Garin da Kowa Malami Ne

Jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga Madrid bai cika awa biyu ba ya sauke ni a Salamanka, gab da faɗuwar rana. Tun kafin in kai masauki na yi ta cin birki ina ɗaga kai. Kusan duk gine-ginen tsohon garin da dutse iri ɗaya aka yi su, wanda ake haƙowa a Villamayor, wani ƙauye da ke nan kusa, kuma in hasken yamma ya buge shi sai ka rantse ruwan zinariya aka kwara masa. Abin da ya kawo ni shi ne shiga ajin 'yan koyo na Sifaniyanci a jami'ar garin, kuma ban da gaisuwa da godiya ba ni da komai a baki.

An kafa jami'ar nan a 1218. Da na ji haka sai na yi shiru ina lissafi: ashe ta yi fiye da shekara ɗari biyu ana karatu a cikinta kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano. Koyar da baƙi harshen kuwa tun 1929 suke yi, don haka sun san kan abin.

Ranar farko malamarmu ta shigo, 'yar gajeruwa mai furfura da saurin magana, ta buɗe baki da Sifaniyanci, haka kuma ta rufe da shi. Ko kalma ɗaya ta Ingilishi ba ta furta ba. Ta nuna ƙirjinta ta faɗi sunanta, ta nuna ni ta ɗaga gira. Na dubi ɗan Japan da ke damana, shi ma ni yake duba. Wallahi a sa'ar farko ban san inda kalma ke farawa ba balle inda take ƙarewa. Amma matar nan ta iya aikinta. Da hannu, da fuska, da zane a allo, kafin a tashi kowa ya iya faɗin sunansa da ƙasarsa da shekarunsa, har da tambayar na kusa da shi.

Da aka zo furuci sai na ga ashe Bahaushe da jarinsa ya zo. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda muke karanta su a boko haka suke. Ra mai karkaɗa harshe, wadda ke raba perro, wato kare, da pero, wato amma, ta hana 'yan Amurka sakat, ni kuwa na faɗe ta kamar ina kiran Rabi. Ko da malamar ta ce kowane suna namiji ne ko mace, kuma galibin masu ƙarewa da a mata ne, ajin ya ɗauki guna-guni, ni dai murmushi na yi, don haka riga da hula suke a wurinmu. Daɗin bai daɗe ba. Aikatau nasu wutsiyarsa ce ke sauyawa da kowane mai aiki da kowane lokaci, ga kuma ser da estar, aikatau biyu da duk ke nufin kasancewa, da har yau in na zo kansu sai na yi jim. A nan 'yan Italiya da Brazil suka wuce mu fintinkau.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ba nahawu ba ne. Malamar ta ce mu riƙa kiran ta da sunanta gatsau, babu Malama babu komai, ga ta sa'ar gwaggona. Bakina ya ƙi. Na ci gaba da ce mata profesora, tana dariya. Gaisuwar sumbatar kunci biyu kuwa, hannu nake ɗorawa a ƙirji in ɗan rusuna, kuma ban ga wanda ya ɓata rai ba.

Aikin gida ma a titi ake yin sa. Wata rana aka tura mu babbar kasuwa mu tambayo farashin kaya. Wata dattijuwa mai sayar da 'ya'yan itatuwa ta saurare ni har na gama kame-kamena, ta kira ni hijo, ɗana ke nan, ta maimaita jimlar daidai a hankali, ta ƙi miƙo mini lemon sai da na faɗa yadda take so. Direban bas ma haka, mai shagon burodi ma haka. Sai dai Musulmi ya buɗe ido, cinyoyin alade na nan rataye reras a shaguna, kuma ko miyar wake ce sai ka tambaya, don sukan yanka tsiran alade a ciki. Wainar ƙwai da dankali, wadda suke kira tortilla, ita da kifi suka riƙe ni. Cikina ne ya daɗe bai saba da agogonsu ba: abincin rana sai biyu ta wuce, ƙananan shaguna su rufe, na dare kuwa tara ko goma.

Da dare kowa Plaza Mayor yake nufa, dandalin da aka gina tsakanin 1729 da 1755, kewaye da rumfunan dutse. Tsofaffi mata da miji riƙe da hannun juna suna zagayawa, yara na guje-guje ƙarfe goma sha ɗaya, ɗalibai sanye da baƙaƙen alkyabbu na kaɗa garayu suna waƙa. In wani ya ce ku haɗu, ƙarƙashin agogon dandalin yake nufi. Lokacin da aka kunna fitilu gaba ɗaya, ban san sa'ad da na ce "Tabarakallah!" da ƙarfi ba.

A ƙofar tsohon ginin jami'a kullum akwai cincirindo, kowa ya ɗaga kai yana neman wani ɗan kwaɗo da aka sassaƙa a kan ƙoƙon kan mutum, wai ɗalibin da ya gano shi zai ci jarrabawa. Wuyana ya ƙage kafin wani yaro ya nuna mini. A ciki akwai ajin Fray Luis de León, malamin da kotun coci ta tsare kusan shekara biyar, da bencinansa na gungumen katako, masu kaushi, babu majingina. Waɗanda suka zauna a kansu cikin hunturun garin nan sun cancanci a jinjina musu.

Darasin al'adu shi ya faɗaɗa mini duniya. Malamar ta rataye taswira ta ce Sifaniya ƙaramin yanki ce a gidan wannan harshe: ƙasashe ashirin ke aiki da shi a hukumance, masu jin sa tun daga nono sun kusa miliyan 500, kuma Meziko ta fi kowa yawansu. Mun ga yadda 'yan Meziko ke ƙawata kaburbura da furanni a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, mun ji yadda Guarani ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da Sifaniyanci a Paraguwai. Ba ta yi rufa-rufa ba a kan 1492, shekarar da wani masani mai suna Nebrija ya wallafa nahawun harshen na farko a nan Salamanka, wadda kuma a cikinta Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi, Kolumbus ya tsallaka teku. Ta ce da takobi harshen ya isa wurare da yawa, kuma na girmama ta da faɗin haka.

Daga nan ta sa yatsa a kan Ikwatoriyal Gini, ta juyo ta dube ni. Wani tsibiri na ƙasar, wanda a da ake kira Fernando Po, inda birnin Malabo yake, yana nan kudu da gaɓar Kalaba, kuma 'yan Najeriya da dama sun yi ƙwadago a gonakin kokonsa. Ga harshen a bakin ƙofarmu, mu kuwa galibi sai a wasan Real Madrid da Barcelona muke jin sa. Matashin da ya samu damar shiga irin wannan aji, a Salamanka ne ko a gida, kada ya yi wasa da ita. In kuma nan zai zo da hunturu, ya taho da rigar sanyi mai kauri.