Yadda Na Saci Amsar Jan Maciji

Akwai wani nau'in wasan kwamfuta da ba a harbi a cikinsa, ba a tsere, ba a zura ƙwallo. Ajiye ka ake yi a wani tsohon gida, ko a ƙauyen da kowa ke da abin da yake ɓoyewa, a ce ka tono gaskiya. Kayan aikinka ido ne da kunne da haƙuri. Ka jawo aljihun tebur, ka karanta wasiƙar wanda ya daɗe a kabari, ka yi wa mai otal tambaya ka lura da inda ya kauce. Masu ƙirƙirar irin waɗannan wasanni sun gaji salonsu daga littattafan ban tsoro na Turai da ake kira gotik, waɗanda ake ƙirga mafarinsu daga The Castle of Otranto na Horace Walpole a 1764: bango mai danshi, zuri'ar da la'ana ke bi, laifin kakanni da jikoki ke biya. The Black Mirror, wanda kamfanin Future Games na ƙasar Cek ya fitar a 2003, misali ne sak. Samuel Gordon ya koma gidan kakanninsa a Ingila bayan shekara 12, saboda mutuwar kakansa William, kuma duk ɗakin da ya buɗe sai ya ƙara kusantar abin da da ya sani da bai nema ba.

Ina son waɗannan wasanni saboda ba sa gaggawa. Suna barin mutum ya zauna cikin tsoro har ya saba da shi, kuma suna ɗaukarsa a matsayin mai hankalin da zai iya haɗa wannan da wancan. Ina kuma sane da aibinsu, don ba ɓoyayye ba ne. Wani lokaci abin da ake nema ɗan ɗigo ne a lungu mai duhu, sai ka yi ta shara da linzami a fuskar kwamfuta kafin ka dace da shi. Wani lokaci labarin ya tsaya cik, ba don ka kasa warware komai ba, don dai akwai wata tsohuwa da ba ka koma ka gaisar ba. A tsakanin wannan daɗi da wannan takaici na yi wa kaina asarar da zan ba da labari, a wasan da na fi ɗokin yi.

Jane Jensen ce ta rubuta jerin Gabriel Knight wa kamfanin Sierra. Na farko, Sins of the Fathers, ya fito a 1993, labarin kashe-kashen tsafi a birnin New Orleans na Amurka. Na biyu, The Beast Within na 1995, ya kai mu Bavariya ta Jamus, ga mutum mai rikiɗa ya zama kerkeci, ga Sarki Ludwig na Biyu da fadojinsa, ga mawaƙi Wagner. Duka biyun na gama su da kaina, shekaru masu yawa bayan fitowarsu, da littafin rubutu a gefena. Don haka da na samu na uku, Blood of the Sacred, Blood of the Damned na 1999, na shiga da tabbacin cewa ni tsohon hannu ne.

Labarin ya fara da satar jariri, ɗan wani yarima mai suna James. Gabriel ya bi sawun ɓarayin a jirgin ƙasa har ya tsinci kansa a Rennes-le-Château, ƙauyen da ke kan tudu a kudancin Faransa. Ƙauyen akwai shi a zahiri. Wani fada mai suna Bérenger Saunière ya je can a 1885 ba shi da komai, ya gyara cocin garin, ya gina hasumiyar Magdala da gidan Bethania, ya mutu a 1917 ya bar mutane suna tambayar inda ya samo kuɗi. Hukumomin cocinsa sun tuhume shi da karɓar kuɗin addu'o'in da suka fi ƙarfin abin da zai iya yi, amma masu son almara suka ce taska ya tono. Daga baya wani Pierre Plantard da abokansa suka ƙaga takardu na jabu suka ƙara wa wutar itace, littafin The Holy Blood and the Holy Grail na 1982 ya yaɗa zancen a duniya. Almarar dai tarihi bai goyi bayanta ba. Jensen ta ɗauke ta ne a matsayin kayan ƙaga labari, shekara 4 kafin The Da Vinci Code ya fito.

A ranar farko ta labarin, Gabriel yana buƙatar babur. Wanda ya dace an riga an ajiye wa abokinsa Mosely, ɗan sanda daga New Orleans. Mai haya ba zai bayar ba sai ga mai fasfo. Na gane cewa sai an yi sojan gona, na sato fasfon, na samo rigar Mosely da hula. Mai haya ya ƙi. Na zagaya ƙauyen, na sake zagayawa, na gwada kowane abu da ke aljihun Gabriel a kan kowane abu da idona ya gani. Dare ya bi dare ina nan inda nake. Wuta ta ɗauke, batir ya mutu, wuta ta dawo, ni da babur ba mu haɗu ba.

Ranar da haƙurina ya ƙare na ɗauki waya na nemi jagorar wasan, irin wadda wani da ya gama yake rubutawa mataki bayan mataki. Ga abin da ta ce. Ka manna salatif a bakin wani rami da ke jikin ƙofar ɗakin ajiya. Ka fesa wa wata baƙar kyanwa ruwa don ta firgita ta kutsa ta ramin, gashinta ya maƙale a salatif. Ka ɗauko ruwan zaƙi mai danƙo daga ɗakin cin abinci na otal, ka liƙa gashin a leɓenka ya zama gashin baki. Mosely kuwa ba shi da gashin baki, saboda haka sai ka zana masa da maka a hoton fasfo.

Ban yi nadamar duba wannan ba, har gobe. Babu hanyar da hankali zai bi ya isa can. Ba ni kaɗai na ce ba: a shekarar 2000 Erik Wolpaw ya rubuta sharhi a Old Man Murray yana kafa hujja da wannan wurin cewa wasannin bincike su suka kashe kansu, ba wani ya kashe su ba. An kuma bayyana daga baya cewa ba Jensen ce ta tsara shi ba, cike gurbi aka yi da shi bayan an cire nata saboda ƙarancin kuɗi.

Kuskurena ya fara ne bayan na hau babur ɗin. Ban rufe shafin jagorar ba. Na bar shi a buɗe a waya, wai ko da za a sake yi mini irin wannan. Da farko sai na yi ƙoƙari na gaza sannan in leƙa. Sannu a hankali ƙoƙarin ya gajarce. Daga baya na fara leƙawa tun kafin in shiga sabon wuri, ina ce wa kaina lokaci nake tattalawa, ni mai iyali ne, da safe akwai aiki. A wasan kacici-kacici na dandali, in aka ɗaure ka ka rasa amsa, sai ka ba da gari a faɗa maka, kuma babu abin kunya a nan. Ni kuwa gari nake miƙawa tun mai tambaya bai buɗe baki ba.

A haka na iso wurin da Grace Nakimura, abokiyar aikin Gabriel, ta samu Le Serpent Rouge, wato Jan Maciji. Shi ma rubutu ne da ke akwai, an ajiye shi a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a 1967, baiti 13, kowanne da burujinsa. Jensen ta mayar da shi matsala guda doguwa da ta ratsa kusan rabin wasan. Grace na da kwamfuta mai suna SIDNEY, a ciki take saka taswirar yankin da tsofaffin takardu da hotunan zane, har da na makiyayan Arkadiya da Nicolas Poussin ya yi. Kowane baiti yana nuni da wani abu da ka riga ka gani a coci, ko a maƙabarta, ko a bakin wani baƙo, kuma in ka gane nunin sai ka ɗora wata siffa a taswira. Da'ira ta bi ta kan wasu tsofaffin coci-coci. Murabba'i ya kewaye ta. A cikinsa gidaje 64 irin na allon darar Turawa. Can gaba tauraro mai tsini 6. Masu sharhi da yawa suna sa shi cikin mafi kyawun abin da aka taɓa tsarawa a wannan fanni.

Na gama shi a zama kaɗan, waya a hagu, linzami a dama. Jagora ta ce danna nan, na danna. Ta ce juya, na juya. Grace tana ta murna a fuskar kwamfuta, ni ina duba layi na gaba. Na kai ƙarshen wasan, na rufe, na ce wa wani abokina na ukun bai kai na biyu ba, ya cika lissafi marar daɗi. Da gaske nake lokacin da na faɗa.

Daga baya ɗan yayata ya zo mana hutu bayan ya gama sakandare, yana jiran sakamako. Na ba shi tsohuwar kwamfutar don ya rage zaman banza, ya kama wasan. Da ya maƙale a babur na gaya masa maganar kyanwa ba tare da ya roƙa ba, sauran kuwa na bar shi, ba don wata hikima ba, don ban tuna da shi ba ne. Kwamfutar ba ta haɗe da intanet, wayarsa kuma ba data.

Wata rana bayan sallar isha'i ya same ni a tsakar gida da littafin rubutu irin na makaranta. Ya kwafe baitocin da hannu, ya zana taswirar, ya ja layuka da fensir ya goge ya sake ja har takardar ta yi laushi. Ya durƙusa gefen tabarma ya ce, "Kawu, ba amsa nake so ba. Na samu da'irar, na samu murabba'in. Lokacin da ka zo juya shi, mene ne ya fara nuna maka gefen da zai fuskanta? Abin a coci yake ko a takardun?"

Na karɓi littafin. Na san siffar da ke gabana, na san yadda za ta kasance in an gama, har ina iya tuna inda yatsana ya danna. Na buɗe baki in ba shi amsa, sai na tarar babu komai a wurin. Ban san dalili ba. Ban taɓa sani ba. Na duba baitin da ya kwafa, na ga ashe ban taɓa karanta shi har ƙarshe ba, ni da nake ce wa mutane na gama wasan. Yaron yana kallona irin kallon da ake yi wa wanda ya riga ya bi hanya, yana jira, ni kuma ina jujjuya shafi don in sami abin yi da hannuna.

Abin da ya fi nauyi a wannan zama shi ne fuskarsa lokacin da yake nuna mini yadda ya samu da'irar. Ya ce ya kwana biyu a kai, sai yana cikin alwala abin ya faɗo masa, ya ƙosa a idar da salla. Muryarsa har rawa take. Na san wannan yanayi, na ɗanɗana shi a wasa na farko da na biyu, kuma saboda shi nake yin waɗannan wasanni tun asali. Jensen ta tanadi irinsa har sau 13 a jere, ni kuma na bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya ban ɗauki ko guda ba. Sannan na fita ina aibata aikinta.

Na yi ta tunanin inda abin ya karkace. Ba lalaci ba ne kawai, don na sha wahalar da ta fi wannan a wasu wasannin ban gaji ba. Yarda ce ta karye. Wanda ke warware matsala yana jure wahala ne saboda ya amince cewa akwai amsa mai ma'ana a ƙarshe, kuma wanda ya ɗaura matsalar bai yi masa ha'inci ba. Gashin kyanwa ya karya wannan amana, kuma wannan laifin masu wasan ne. Nawa laifin shi ne na yanke wa duk sauran wasan hukunci da wuri guda. Na daina bambance matsalar da ta yi tsauri saboda an tsara ta da kyau da wadda ta yi tsauri saboda an tsara ta da ganganci, alhali bambancin a fili yake ga mai son gani. Ta banza, in ka ji amsarta haushi kake ji, ka ce wa zai taɓa tunanin haka. Ta kirki, in ka ji amsarta kunya kake ji, don duk abin da ake buƙata yana gabanka tun farko. Jagora ba ta gaya maka wacce ce wacce. Duka a layi ɗaya take jera su, da murya ɗaya, kuma ido ba ya tsayawa a layin da ka zo nema, sai ya zame zuwa na ƙasa. Duk wanda ya taɓa cewa bari in duba wannan kaɗai ya san haka.

Na ce wa yaron, "Ɗana, ban sani ba. Wurin nan ban warware shi ba, kwafa na yi." Ya yi shiru, sannan ya ce to mu yi tare. Na gwada. Muka zauna gaban kwamfutar, na karanta baitin a karo na farko da niyyar fahimta, amma kafin tunanina ya motsa hannuna ya riga ya san inda zai je, kuma na ga in na ci gaba da zama zan ɓata masa nasa da ɗan motsin yatsa ko gyaran murya. Na miƙa masa linzamin na tashi. Ya koma gida kafin ya kai baiti na ƙarshe, na ce ya tafi da kwamfutar.