Mun shiga ƙarƙashin teku, ga abin da muka kawo gida

Tun da muka dawo daga Dakar ake tare mu a hanya, a gidan suna, har wurin niƙa, ana tambaya: "Wai gaskiya ne kun shiga cikin teku kamar kifi?" Wasu kuma a bayan idonmu suke tasu tambayar: da kuɗin wa? Mun riga mun yi bayani gaban taron ƙungiyarmu, amma tunda magana ta kai Malbaza da Illela, mun ga ya dace mu rubuta a nan, kowace ta karanta ko a karanta mata.

Mu biyar ne aka zaɓa daga ƙungiyoyin asusu na yankinmu zuwa baje-kolin kayan noma da kiwo da ake kira FIARA, a babban birnin Senegal: Inna shugabarmu, ma'ajiya, sakatariya, wata ƴar uwa mai sana'ar albasa daga wajen Galmi, da ƴar autarmu wadda ba ta daɗe da aure ba. Mun kai gabu, busasshen tumatur, ƙuli-ƙuli da tabarmi. Masu tallafa mana sun biya jirgi daga Yamai da masauki, sun kuma ba kowace kuɗin guzuri. Gabun ya ƙare tun kafin a tashi, don sunan albasar Galmi ya riga mu isa can.

Kusa da rumfarmu akwai wasu mata masu busar da kifi. Mun saba sosai, muna ba su ƙuli-ƙuli, suna kawo mana shinkafa da kifi. Da suka ji cewa duk cikinmu babu wadda ta taɓa ganin teku sai daga tagar jirgin sama, sai suka ce ba za mu koma gida haka ba. Ƴar ɗaya daga cikinsu tana aiki wurin masu koyar da nutso a Ngor, unguwar masunta da ke bakin ruwa. Ita ta kawo maganar: akwai shiga ta farko da ake yi wa wanda bai taɓa yi ba, ko bai iya ninƙaya ba. Za a goya maka tulun iska, malami ya riƙe hannunka, ku sauka ƙasa kaɗan ku dawo.

Da aka faɗi kuɗin, jika ashirin da biyar kowace, ma'ajiya ta dafe ƙirji. Ta ce: "Ku tsaya in yi muku lissahi. Zubinmu dala ɗari ne a sati. Wanga abu zubin sati hamsin ke nan, don mace ta jiƙa kanta? Ko tamma ba ta hita daga kuɗin gabu." Gaskiyarta kuwa. Nan muka yanke cewa kuɗin ciniki amana ne, ba a taɓa shi. Wadda take so ta biya daga guzurinta, ta haƙura da tsaraba.

Mun ɗauka ƴar auta ce kaɗai za ta yarda. Sai muka ji Inna ta ce: "Ku rubuta ni." Duk muka yi tsit. Kowa a unguwarmu ya san abin da ruwa ya yi mata. Shekara ashirin da wani abu ke nan, a wata damina da Maggiya ta kawo, ɗanta mai shekara bakwai ya bi abokansa kallon ruwa bai dawo ba. Tun daga ranar ko wanki ba ta zuwa bakin gulbi, jikokinta kuwa ko kududdufi suka leƙa sai sun sha bulala. Sakatariya ta ce: "Inna, ba dole ba ne fa." Ta ce: "Na sani, ɗiyata. So nike in gani da idona."

Kafin ranar, masu miji sun buga waya gida. Wani ya yi dariya ya ce Allah ya kiyaye, wani sai da aka yi masa bayani sau biyu. Mun kuma kafa sharaɗi biyu: mace ce za ta riƙe mu, kuma ba za mu fita da rigar robar nan mai kama jiki haka kawai ba. Aka yarda. Mun ɗora doguwar riga a kai, hular robar kuma ta rufe gashi da wuya. An sa ranar yadda za a samu kwana guda cur kafin jirginmu, don malamar ta ce ba a fitowa daga nutso a hau jirgin sama nan take, sai jiki ya huce.

Da safe aka fara da tambayoyin lafiya: asma, ciwon zuciya, ciwon kunne, mura, juna biyu. Da aka zo ta ƙarshe, ƴar auta ta sunkuyar da kai, ta matsa kusa da Inna ta yi mata raɗa. Inna ta rangaɗa guɗa a gaban Turawa da masunta. Ashe wata uku ke nan tana ɓoye mana. Mai ciki ba ta nutso, don haka wadda ta fi kowa zumuɗi ita ta zauna riƙon jakunkuna. Saura mu uku: Inna, sakatariya da ta Galmi.

Malamar tana magana da Faransanci, sakatariya tana juya mana. Tulun ya yi kama da butalin gaz na girki, sai dai abin da ke ciki iska ce irin wadda muke shaƙa, an matse ta sosai. Akwai wani ƙarfe da bututu da ke sako ta daidai yadda huhu ke so. Ta ce wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera irinsa a 1943. Aka ba mu gilashin fuska, takalmi mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, da ɗamarar dalma don kada ruwa ya riƙa tura mu sama.

Sannan ta ba mu dokoki, ta sa muka maimaita kamar ƴan makarantar allo. Ta farko, kada ki riƙe numfashi ko sau ɗaya. Ta nuna mana da balan-balan: ruwa yana da nauyi, in aka kai shi zurfin mita 10 zai tsuke ya koma rabi, in aka dawo da shi sama ya sake kumbura. Haka huhu yake. In kin shaƙi iska a ƙasa, kika toshe baki kika taso da gudu, iskar za ta kumbura ta yi miki rauni a ciki. Ta biyu, in kunne ya fara ciwo, ki matse hanci ki hura a hankali, kada ki daure. Ta uku, ba a tasowa da gaggawa. Ta huɗu, ba a shiga ruwa mutum ɗaya, ko malamai ma sai da abokin tafiya. Tunda babu magana a can, sai da hannu: ki haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, lafiya lau ke nan. Ki ɗaga babban yatsa sama, ma'anarsa mu tashi. Mu sababbi, ta ce, ba za a wuce da mu mita 6 ba.

Kwale-kwale ya kai mu kusa da tsibirin Ngor, inda duwatsu suka tare igiyar ruwa. Ma'ajiya, da ba ta biya ko dala ba, ita ta fi kowa wahala, jiri ya kama ta tana ta amai. Mun bar gida ana zafin da ke fasa dutse, amma ruwan can sanyi ƙarara, har haƙora na haɗuwa. Gishirinsa kuwa ya wuce duk yadda ake ba da labari.

Ɗaya bayan ɗaya muka sauka, hannu cikin hannun malamar. Ba za mu yi muku ƙarya ba, mintin farko tashin hankali ne. Kai yana nutsewa, zuciya ta ce miki ki fito, mutuwa ce. Ta Galmi sau biyu tana ɗaga yatsa ana tasowa da ita. Malamar ba ta yi faɗa ba, sai ta kalle ta ido cikin ido, ta dafa nata ƙirjin tana numfashi a hankali har ita ma ta bi. A karo na uku ta sauka. Da numfashi ya daidaita sai komai ya sauya. Nauyin tulun da ke karya baya a kwale-kwale ya ɓace. Ba kya jin komai sai shaƙarki da ƙarar kumfa. Ƙananan kifaye masu zane suna wucewa gaban fuska ba ruwansu da ke. A jikin duwatsu akwai wasu halittu baƙaƙe masu ƙaya kamar bushiya, an hana mu taɓawa. Mun kuma ga abin da muka sani sarai: baƙar leda, ta riga mu zuwa har can.

Inna ce ta ƙarshe, kuma ita ta fi daɗewa, wajen minti ashirin. Muna leƙen kumfarta daga sama, ƴar auta tana ta addu'a. Da ta fito aka cire mata gilashi, ba ta ce komai ba har muka kusa gaɓa. Can ta ce: "Ashe ƙarƙashin ruwa shiru ne. Ni duk shekarun nan ina cewa ya yi ta kirana ban ji ba."

Sakatariya ta juya wa malamar. Ita ma idonta ya kawo ruwa, ta ce haka ne, mai nutsewa galibi ba ya iya ihu, duk ƙarfinsa yana wajen neman numfashi. Yaro kan nutse kusa da manya suna hira, ba wanda ya lura. Daga nan hirar ta bar teku ta koma gida. Muka ba ta labarin ruwanmu: Maggiya in ta kawo, madatsun Mozage da Zango, hanyoyin ruwan fadamar Konni, ramukan da ake haƙar ƙasar bulo su cika da damina. Ta tambaye mu: in yaro ya faɗa, me kuke yi? Muka ce kururuwa, sai mai ƙarfin hali ya faɗa ya kamo shi. Ta girgiza kai. Ta ce ta haka ake rasa mutum biyu, don mai nutsewa yakan riƙe wanda ya zo ceto ya danne shi. In ba ki iya ruwa ba, kada ki shiga. Ki miƙa sanda, ko ki jefa igiya, ko bido wofi mai murfi, ke kina tsaye a tudu. Ta kuma nuna mana yadda mutum zai kwanta rigingine a kan ruwa, ya buɗe hannuwa, fuska sama, ya yi numfashi har taimako ya zo.

Wannan ba matsalar garinmu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum kusan 300,000 ruwa ya ci, wajen kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa kan haka, kuma kun san a wurinmu tsakiyar damina ke nan.

Da muka dawo, ranar taro aka kawo akwati, masu makulli uku suka buɗe, ma'ajiya ta ƙirga kuɗin gabu gaban kowa, ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Wata ƴar uwa ta miƙe ta ce ko da guzurinku ne, jika saba'in da biyar tumaki ne, kun zuba a ruwa. Ba mu ce ta yi ƙarya ba, har yau ma'ajiya tana bayanta. Inna ce ta amsa. Ta ce shekara ashirin tana bugun yara don kada su je ruwa, kuma suna zuwa, sai dai a ɓoye, inda ba babba ko ɗaya. "Bulalata ba ta koya ma kowa komi ba," in ji ta.

Ga abin da ƙungiyarmu ta yanke, mun kawo muku ko za ku duba a taronku kafin ruwa ya sauka. Daga asusun taimako mun sayi igiya doguwa guda uku, mun ɗaura wa kowace bido, an ajiye su a gidajen da suka fi kusa da wurin wanki da ramin bulo. Ranar wanki, mace ɗaya ba ta wanki, aikinta kallon yara kawai, sauran su raba kayanta, kuma ana juyawa kamar yadda ake juya ɗauka a adashe. Randa, baho da bokiti masu ruwa a rufe su in akwai mai rarrafe a gida, bakin rijiya ma haka. Mun kuma roƙi wani dattijo masunci ya riƙa koya wa yara, maza da mata, kwanciya kan ruwa a wuri marar zurfi, iyaye suna tsaye. Ƙa'ida ɗaya muka ɗauko daga Ngor ba mu canza ba: ba mai shiga ruwa shi kaɗai.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi, mata suke koya wa juna yadda ake tara kuɗi a tsare shi. Mun ga wannan ma aikin ƙungiya ne, ba na uwa ɗaya ba. Ranar darasin farko yara goma sha ɗaya suka zo. Inna ta kawo jikokinta biyu da hannunta, ta ɗaure zane ta shiga ruwa har gwiwa, tana riƙe da igiya.

Wadda ke son a nuna wa ƙungiyarta yadda ake ɗaurin bidon da jifansa, ta aiko ta hannun shugabarta, za mu zo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana ƴaƴanmu. Amin.