Baƙin Gilashi a Bakin Kyamara

Gilashin da ake ɗaura wa kyamara don hasken rana iri biyu ne. Na farko haske kawai yake ragewa, ba ruwansa da launi. Mai lamba ND8 kashi 1 cikin 8 yake bari ya shiga, saboda haka kyamara takan daɗe a buɗe, ruwa mai gudu ya fito kamar auduga. Na biyu kuwa ƙyalli yake kashewa. In ka murza shi sannu a hankali, walƙiyar tafki takan ɓace, har ka hangi ƙasan ruwa. Sama ma takan ƙara shuɗi, amma fa sai rana tana gefen kafaɗarka. Ni da kuɗin guda ɗaya Baba ya ba ni, na biyun na saya, don shi ma yana rage fiye da rabin hasken.