Hammar matuƙi

Shekara shida na yi ina aikin injiniya a wata rijiyar mai da ke cikin teku, kudu da Fatakwal, kuma hanyarmu ta zuwa can ita ce jirgi mai saukar ungulu. Wata safiya mun zauna mun ɗaura bel, farfela ta fara juyawa, sai na hango matuƙin ya yi doguwar hamma, har da share ido da bayan hannu. Ban ce uffan ba, amma tun tashinmu har saukarmu idona yana kan hannunsa.

Wannan jirgi ba ya daidaituwa da kansa. Hannun dama yana riƙe da sandar da ke karkata shi gaba, baya ko gefe. Na hagu yana kan libar da ke ɗaga shi ko sauke shi. Ƙafafu biyu suna kan feda, suna sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya don kada gangar jikin jirgin ta kama juyi. Ka taɓa ɗaya, dole ka gyara sauran biyun. A sararin sama na'ura takan rage wa matuƙi aiki, amma idan aka zo sauka a kan ɗan dandamalin da ke maƙale a gefen rijiya, ga iska tana kaɗawa, sai gyara a kan gyara, kowanne ya zo a kan kari.

Irin wannan aiki na ido da hannu ne rashin barci yake cinyewa tun ido bai rufe ba. A 1997, wasu masana biyu a Ostiraliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun sa mutane bin wani abu mai motsi a allon kwamfuta. Wanda ya yi awa 17 ido biyu, hannunsa ya yi rauni daidai da na wanda barasar jininsa ta kai 0.05 cikin ɗari, mizanin da ƙasashe da dama ke hana tuƙin mota da shi. A sansanin sojan Amurka na Fort Rucker kuwa, John Caldwell da abokan aikinsa sun hana matuƙan jirgin Black Hawk barci har awa 40, suna gwada su a na'urar kwaikwayon tuƙi. Ƙwarewarsu ta ja baya, musamman daga goshin asuba zuwa hantsi. Maganin modafinil ya rage ɓarnar, sai dai ƙwaya ba ta biyan bashin barci.

Binciken da ya fi tayar mini da hankali shi ne na Jami'ar Pennsylvania a 2003. An taƙaita wa mutane barci zuwa awa shida kullum har kwana 14. Aikinsu ya yi ta lalacewa kowace rana, amma da aka tambaye su yadda suke ji, gyangyaɗin da suka ce suna ji bai ƙaru a-zo-a-gani ba. Ƙwaƙwalwar da ta gaji ita ce kuma ake tambaya ko ta gaji. Shi ya sa nake ganin dokar da ke ƙayyade sa'o'in aikin matuƙi ta fi amsar bakinsa abin dogaro, komai gaskiyarsa.

Mun sauka lafiya ranar. Da muka haɗu wajen shan shayi, na tambaye shi cikin raha ko ya samu barci. Ya yi dariya ya ce, "Garau nake, injiniya." Na yarda da gaske yake. Amsar da na ba maiɗakina ke nan sati biyu kafin nan, da na kwana a kan wani rahoto, na ɗauki makullin mota da asuba zan kama hanyar Kaduna daga Abuja, yara uku a kujerar baya.